Jan Rush, Anasaran da ya ɗauki hoton ruwa da fari a ƙasarmu

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, maza da mata, mun fi kowa sanin cewa farashin tiyar hatsi daga sama yake saukowa. In damana ta yi kyau, kasuwa ta cika. In ruwa ya ɗauke da wuri, tun kaka tiya ke fara tashi. Yau duk inda aka kunna talbijin ana zancen canjin yanayi, ana nuna muna ƙanƙarar da ke narkewa can ƙarshen duniya. To amma tun kafin wannan magana ta yi suna, akwai wani Bafaranshe da ya share shekara fiye da 50 yana ɗaukar silimar ruwan sama, fari, kogi da namun daji a nan Nijar. Sunansa Jan Rush, abin da Faransawa ke rubutawa Jean Rouch.

An haife shi a birnin Paris a 1917. Mahaifinsa hafsan sojan ruwa ne kuma masanin yanayi. Shi ko ɗan aikin injiniya ya koya, kuma gina hanyoyi ya kawo shi Yamai a 1941, zamanin mulkin mallaka. A 1942 aradu ta faɗa ma wasu leburorinsa, mutum 10 suka mutu. Wani saurayi ɗan Sarkawa da ke aiki tare da shi, Damure Zika, ya kai shi wurin kakarsa, wadda ta san al'adun gargajiya na Zabarmawa game da tsawa. Abin da ya gani ranan nan shi ya juya masa rayuwa: ya fara neman sanin yadda mutanen ƙasa ke zama da sama da ruwa.

A 1946 ya sayi wata tsohuwar kamara a kasuwar gwanjo ta Paris. Shi da abokansa biyu suka bi kogin Isa cikin jirgin ruwa, tun daga mafarinsa a Gine har inda ya faɗa teku a Najeriya, tafiyar kilomita fiye da 4000. A hanya ƙafafun kamarar suka salwanta, dole ya riƙa ɗaukarta a hannu yana bin mutane. Haka ya ci gaba da aiki har ƙarshen ransa.

A 1951 ya ɗauki bikin roƙon ruwa da ake kira Yenendi a garin Simiri, cikin Zarmaganda. A wannan lokaci kuma ya ɗauki farautar dorina ta Sarkawan yankin Ayoru. Da ya gama haɗa fim ɗin sai ya komo da shi, aka kafa farin ƙyalle, masu su suka kalli kansu. Ba su yaba kawai ba, sun yi gyara: sun nuna masa kiɗan da ya sa bai dace ba, don farautar dorina shiru take so. Ya karɓi gyara, ya cire kiɗan. Tun daga nan ya ɗauki ɗabi'ar maida fim wurin masu shi, su faɗi ra'ayinsu.

Ya kuma yi shekaru yana bin maharban zaki masu kwari da baka, wajen iyakarmu da Mali da Burkina, waɗanda makiyaya ke kira in zaki ya dami garke. Fim ɗin ya samu babbar kyauta a birnin Venis na Italiya a 1965. Yau zaki a Nijar sai wajen gandun dajin W. Wanda ya kalli fim ɗin zai gane abin da dajinmu ya rasa.

Simiri kuwa bai bar ta ba. A 1971 ya ɗauki mutanenta suna neman tsarin gonaki daga fara. Da babban farin nan na 1973 ya zo, ya sake komawa ya ɗauki halin da suka shiga. Gari ɗaya, shekara fiye da 20 tsakani, ga shi a hoto. A 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai. Ƴan shekaru bayan haka, shi da Damure da Lam da Tallu suka yi Madame l'Eau, labarin manoman bakin kogi da fari ya ci gonakinsu, suka tafi Holan ganin injin da iska ke juyawa yana jawo ruwa, don su kafa irinsa gida. Waɗannan abokai su ne suka ba mu dariya cikin Cocorico Monsieur Poulet, labarin falken kaji da tsohuwar motarsa.

Bai tsira daga suka ba. Usuman Samben na Sanigal ya zarge shi da kallon baƙar fata kamar yadda mai bincike ke kallon ƙwari. Sai dai kuma a hannunsa Umaru Ganda ya fara shiga silima, ya kuma tallafa ma Mustafa Alasan.

Ya rasu ranar 18 ga Fabrairu 2004, cikin hatsarin mota kusa da Birnin Ƙwanni, yana da shekara 86. An bizne shi a Yamai. Ya bar finafinai fiye da 100.

Yau kusan kowane ɗayanmu na da kamara cikin salularsa. Tabkin garinmu, itacen da ke hanyar kasuwa, cikar rumbu da kaka, mu ɗauka mu aje da kwanan wata. Gani ya kori ji. Jikokinmu za su so su gwada da nasu zamani. Allah ya ba mu damana mai albarka.