Cornelius Warmerdam: ɗan manomin da ya tsallake ƙafa 15 da sandar gora har sau 43

Ranar 13 ga Afrilu, 1940, a birnin Berkeley na jihar Kaliforniya ta Amurka, wani malamin makarantar sakandare mai shekara 24 ya ruga a guje riƙe da doguwar sandar gora, ya kafa ta a ƙasa, ya cilla kansa sama ya tsallake karan da aka gitta a tsayin ƙafa 15, wato mita 4.57. Kafin wannan rana babu ɗan Adam da ya taɓa yin haka a gasa. Sunansa Cornelius Warmerdam, amma an fi saninsa da Dutch, domin iyayensa 'yan asalin ƙasar Holan ne.

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1915, a Long Beach, ya kuma tashi a gonar iyayensa kusa da garin Hanford. A can ya fara koyon tsallen sanda, ba koci ba filin wasa. Reshen bishiya ne sandarsa, tulin ƙasa kuma shi ne wurin faɗuwarsa. Daga bisani ya shiga kwalejin jiha da ke Fresno, inda ya yi wa makarantar wasa.

Abin da ya bambanta shi da sauran gwanaye bai tsaya ga ranar Berkeley ba. Daga 1940 zuwa lokacin da ya ajiye gasa a 1944, ya tsallake ƙafa 15 ko fiye har sau 43, alhali a duk tsawon waɗannan shekaru ba a sami mutum ɗaya a duniya da ya yi hakan ko sau guda ba. Sai a 1951 aka sami na biyu, Bob Richards. Dace kan zo wa ɗan wasa sau ɗaya ko biyu. Sau 43 kuwa aikin saiti ne, kuma saitin wannan wasa a gudu yake.

Mai kallo yakan zuba ido sama, inda jiki ke juyawa a kan kara, amma masu horarwa ƙasa suke duba. Tsayin da ɗan wasa zai kai ya dogara ne a kan saurin da ya zo da shi daidai lokacin da ƙafarsa ta bar ƙasa. Sai dai sauri kaɗai ba ya wadatarwa. Dole ne ya taso daga alama ɗaya kullum, ya yi adadin taku ɗaya, yana ƙara sauri har takun ƙarshe, yana kuma sauke bakin sandar sannu a hankali domin ta shiga ɗan ramin da aka tanada a ƙarshen hanya. Ƙafar da zai tashi da ita ya kamata ta sauka daidai ƙarƙashin hannunsa na sama. In ta wuce gaba, sandar za ta fizge shi tun bai tashi ba; in ta gaza, ba zai kai kan karan ba. Wanda bai amince da takunsa ba yakan rage gudu yana laluben rami, kuma da ya yi haka tsallen ya lalace tun yana ƙasa. Shi ya sa koci kan tsaya a gefen hanya kusa da wata alama ta tsakiya, yana lura da inda ƙafar ta taka, kafin ya ce a matsa gaba ko baya.

A zamanin Warmerdam wannan lissafi ya fi tsanani. Sandar zaren gilashi ta yau tana lanƙwashewa ta adana ƙarfin gudun, sannan ta miƙe ta harba mutum sama. Gora ba ta lanƙwasa sai kaɗan, saboda haka duk kuskuren taku a kafaɗa da hannu yake ƙarewa. Babu kuma katifar soso irin ta yanzu; a kan yashi ko garin katako ake dira, daga tsayin da ya haura rufin ɗaki.

Da irin wannan kayan aiki ya riƙa ɗaga bajintar duniya. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta amince da mita 4.60 da ya yi a Fresno a watan Yunin 1940, sai mita 4.72 a Compton a 1941, sannan mita 4.77 a Modesto ranar 23 ga Mayu, 1942. A shekarar ce aka ba shi lambar Sullivan, wadda a wancan lokacin ake bai wa zakaran 'yan wasan Amurka marasa karɓar albashi. A 1943, a cikin rufaffen zaure a Chicago, ya kai mita 4.79. Bajintarsa ta Modesto ta yi shekara 15 ba a taɓa ta ba, har sai da Bob Gutowski ya ɗara ta da santimita ɗaya tak a 1957, shi ma da sandar alminiyam.

Duk da haka bai taɓa taka filin Olamfik a matsayin ɗan gasa ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa an soke wasannin 1940 da na 1944, daidai shekarun da babu mai kama ƙafarsa, shi kansa kuma ya yi aiki da sojan ruwan Amurka. Da aka dawo da wasannin a Landan a 1948, ya riga ya kama aikin horarwa da albashi, dokar lokacin kuwa ta haramta wa irinsa shiga. Wanda ya ci zinare a wannan shekara, Guinn Smith, mita 4.30 ya tsallake, ƙasa da bajintar Warmerdam da kusan rabin mita.

Sauran rayuwarsa a gefen hanyar gudu ya yi ta. Bayan ɗan zama a jami'ar Stanford, ya koma tsohuwar makarantarsa ta Fresno yana horar da matasa har ya yi ritaya a 1980, kuma filin guje-guje na jami'ar sunansa yake ɗauke da shi. Yana da shekara 60 ma ya sake ɗaukar sanda a gasar dattawa, ya tsallake sama da mita 3. Ya rasu a Fresno ranar 13 ga Nuwamba, 2001, yana da shekara 86, bayan doguwar jinyar cutar mantuwa ta Alzheimer.