Joe Davis: Sarkin Sinuka Da Ya Ajiye Kambu Amma Ya Ƙi Barin Fage

Yau filinmu na tarihin mashahuran mutane zai bar fagen kokowa da ƙwallon ƙafa da muka saba, ya leƙa ƙasar Ingila, domin kawo muku tarihin Joe Davis, wanda ya rasu tun shekarar 1978. Shi ne ya tsaya aka kafa gasar duniya ta wasan sinuka, ya ci ta sau 15 a jere, sannan kuma, a nawa ganin, shi ne ya kusa kashe ta da hannunsa.

Da yake mu nan Madawa, Buza da Keita ba wasanmu ba ne, bari mu fara da bayaninsa. Sinuka ɗan'uwan biliyar ne, wanda samari ke bugawa da sanda a kan tebur a birane, sai dai teburinsa ya fi girma, tsawonsa ya haura mita 3 da rabi, yana da ramuka 6. Akwai jajayen ƙwallaye 15, kowane ci 1 ne, da wasu 6 masu launi: rawaya 2, kore 3, ruwan ƙasa 4, shuɗi 5, ruwan hoda 6, baƙi 7. Da farin ƙwallo ake bugun su. Ɗan wasa zai jefa ja a rami, sannan mai launi, sannan ja kuma, haka har sai ya kuskure, abokin karawarsa ya karɓa. Idan tebur ya ƙare, an yi turmi ɗaya ke nan. Sojojin Ingila ne suka ƙirƙiro wasan a ƙasar Indiya wajejen 1875.

An haifi Joe Davis ranar 15 ga Afrilu 1901 a ƙauyen Whitwell. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne, daga baya ya koma riƙon gidan saukar baƙi kusa da garin Chesterfield, inda akwai teburin biliyar. A nan yaron ya fara riƙe sanda yana da shekara 11. Yana ɗan 13 ya doke manya ya ci gasar yankinsu, a 1919 kuma ya mai da wasan sana'a. Idonsa na dama ba ya gani sosai, shi ya sa yake jan sanda ta gefen hagu na haɓarsa, abin da ya zama alamarsa har ya tsufa.

A wancan zamani biliyar ne wasan manya, sinuka kuwa abin rage lokaci ne idan an gama. Joe ya ci gasar biliyar a 1928, 1929, 1930 da 1932. To amma gwanintar ƴan wasan ce ta zame wa biliyar ciwo. A 1932 Walter Lindrum na Ostareliya ya yi ci 4,137 a tashi ɗaya ba tare da ya kuskure ba, Joe yana zaune yana kallo. Wa zai biya kuɗinsa ya zauna kallon mutum ɗaya yana maimaita bugu iri ɗaya na tsawon awoyi? Joe ya hango haka tun da wuri, domin yana ganin yadda talakawa a gidajen wasa suka fi son sinuka, mai launi da saurin ƙarewa.

Shi da wani mai gidan wasa a Birmingham, Bill Camkin, suka matsa wa hukumar wasan lamba har ta yarda a shirya gasar ƙwararru. Mutum 10 suka shiga. A watan Mayu 1927 Joe ya doke Tom Dennis da turmi 20 da 11, ladansa kuwa fam 6 da sule 10. Kofin da aka ba shi fam 19 aka saye shi. Farkon bai yi armashi ba, don a 1931 mutum biyu kacal suka shiga, shi da Dennis ɗin nan. Amma kafin Yaƙin Duniya na Biyu sinuka ya ture biliyar gefe.

Daga 1927 zuwa 1940 babu shekarar da kofin ya bar hannunsa. Wanda ya fi ba shi wuya ƙanensa ne, Fred Davis, da aka haifa a 1913. A wasan ƙarshe na 1940 da ƙyar wan ya sha, turmi 37 da 36. Yaƙi ya tsayar da gasar, Joe ya shiga zagaya ƙasa yana wasannin nuna gwaninta, inda ya tara fiye da fam 125,000 domin ayyukan agaji. Da aka dawo a 1946 ya doke Horace Lindrum 78 da 67 a Landan, kambu na 15. Daga nan ya ce ya bar gasar duniya, ba a taɓa kayar da shi a cikinta ba.

To nan ne gizo ke saƙar. Mutumin ya bar gasar duniya, amma bai bar wasa ba. Ku ɗauka a ce tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, mutum ɗaya ne ke ɗaukar takobi kowace shekara, rana ɗaya sai ya ce ya daina shiga. Amma duk kaka yana zagaya garuruwa, duk wanda ya ɗauki takobin bana sai ya kira shi fili ya kai shi ƙasa a gaban jama'a. Wace daraja ta rage wa takobin? Abin da ya sami kofin sinuka ke nan. Walter Donaldson ya ci a 1947 da 1950, Fred ya ci a 1948, 1949 da 1951, amma kowa ya san inda sarkin gaskiya yake.

Inda yake kuwa shi ne a ƙananan gasanni da jaridu ke ɗaukar nauyi. Kafin yaƙi jaridar Daily Mail ta riƙa shirya nata kofin, wanda yaƙin ya binne a 1940. Daga 1949 jaridar News of the World ta karɓa, da kyautar fam 1,500, na ɗaya ya ɗauki 500. Ana yin gasar a zauren Leicester Square da ke Landan, wanda Joe ke da hannun jari a ciki. Tsarinta na ba da rata ne: kafin a fara turmi, wanda ya fi ƙarfi zai bai wa abokin karawarsa wani adadi na ci kyauta. Joe ne ke bai wa kusan kowa, wasu har ci 20 ko fiye. Dabara ce mai kyau don wasa ya yi zafi, amma ku lura da ɗaya gefen: idan ya ci, ya ci duk da rata, idan aka ci shi, ai rata ce ta ci shi. A duk rayuwarsa ta sana'a sau 4 kawai aka doke shi a sinuka ba tare da rata ba, kuma duka Fred ne.

A wannan zauren ne, ranar 22 ga Janairu 1955, yana wasa da tsohon gwani Willie Smith, ya yi ci 147 a tashi ɗaya: ja 15, kowane da baƙi a bayansa, sannan masu launi 6 a jere. Shi ne na farko da hukuma ta amince da shi, ko da yake sai 1957 ta amince. Kwanaki kaɗan bayan wannan bajinta aka rufe zauren, ƙwararru suka rasa gidansu.

Ita kuwa gasar duniya sai ƙara lalacewa take yi. A 1952 ƴan wasa suka ɓata da hukuma a kan rabon kuɗi, suka kafa tasu gasar, ta hukuma kuwa mutum biyu suka buga ta. A 1957 mutum huɗu suka rage, John Pulman ya ci. Daga 1958 zuwa 1963 ba a yi ta ba sam. Ba za a ɗora wa Joe laifin duka ba, domin talbijin ya shiga gidaje, mutane sun rage fita kallon wasa. Amma shi ne babba a ƙungiyar ƙwararru, kuma a ƙarƙashinsa ƙofar shiga sana'ar ta yi ƙunci ƙwarai. Bayan Rex Williams a 1951, sai a ƙarshen shekarun 1960 aka ga sabon jini irin su John Spencer da Ray Reardon. Fuskoki ɗaya, shekara da shekaru, dole ƴan kallo su gaji.

Da ya ga abin yana mutuwa, a 1959 Joe ya fito da sabon salo mai suna Snooker Plus. Ya ƙara ƙwallaye biyu, ruwan lemo mai ci 8 da shunayya mai ci 10, ta yadda ƙololuwar ci ta tashi daga 147 zuwa 210. News of the World ta shirya gasa a kai, mutum uku suka buga: shi, da Fred, da Pulman. Shi ya ci, yana da shekara 58. Jama'a ba su karɓi salon ba, jaridar ma daga wannan ta janye. Irin waɗannan ƙananan gasanni dama ba su cika yin tsawon rai ba. Ko a wannan ƙarni an yi jerin Players Tour Championship daga 2010 zuwa 2016 aka naɗe tabarmarsa.

Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta OBE a 1963, ya ajiye sanda a 1964. Abin da ya farfaɗo da wasan, abin mamaki, talbijin ɗin ne. A 1969 tashar BBC, mai neman shirin da zai nuna amfanin talbijin mai launi, ta fara shirin Pot Black, mutane suka ga ja da kore da shuɗi a cikin ɗakunansu. Littafinsa na koyar da wasan, How I Play Snooker, da ya fito a 1949, da shi Steve Davis ya koyi bugu, wanda ya ci gasar duniya sau 6 a shekarun 1980. Suna ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne.

A watan Afrilu 1978 Fred, yana da shekara 64, ya kai wasan kusa da na ƙarshe na gasar duniya a zauren Crucible da ke Sheffield, inda ya kara da Perrie Mans na Afirka ta Kudu. Joe yana cikin ƴan kallo, yana bin kowane bugu na ƙanensa. Fred ya sha kaye 18 da 16. Bayan wasan Joe ya yanke jiki ya faɗi, aka yi masa aiki, amma bai murmure ba. Ya rasu ranar 10 ga Yuli 1978 yana da shekara 77. Kofin nan na fam 19 shi ne aka miƙa wa Zhao Xintong na ƙasar Sin a 2025, tare da kyautar fam 500,000.