Tarihin Magaji Ɗan Yamusa na Keffi

Jama'a, duk mazaunin Keffi ya san Dutsen Maloni, amma ba kowa ya san mutumin da ya jawo wa dutsen wannan suna ba. Shi ne Magaji Ɗan Yamusa.

A wancan zamani Keffi tana bin Zazzau ne, Magaji kuwa shi ne wakilin Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau a garin. Sarkin Keffi Ibrahim ya tsufa, saboda haka dawaki da mayaƙa duk suna hannun Magaji. Jarumi ne na gaske, amma gaskiya ɗaya ce, yakan kai hari ƙauyukan kewaye ya kamo bayi. Nan ne suka fara saɓawa da Turawan Ingila.

Ran 3 ga Oktoba 1902, Razdan Kyaftin Maloni ya zo ƙofar fada, ya aika a kira Magaji. Ɗan aikensa Audu Timtim ne ke kai magana yana kawowa, kuma da yawa a kansa suke ɗora laifin rikicewar al'amarin. Magaji ya fito bisa doki ya kashe Maloni, shi ma Audu bai tsira ba.

Daga nan Magaji ya yi Kano. Sarki Alu bai kore shi ba, sai ma ya karɓe shi da girmamawa. To, dama Gwamna Lugga neman dalili yake. Tun 1899 sojan Faransa suka ci Damagaram, bayan an kashe musu Kyaftin Kazamaju a can a 1898, ga shi Kano da Sakkwato ba su shiga hannun Ingila ba tukuna. Da ya sami hujja bai tsaya ba. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Molan ya ci Kano, Sakkwato ta bi a watan Maris.

Magaji bai miƙa wuya ba. Ya bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, har Burmi, inda suka kwanta dama tare ran 27 ga Yuli 1903.

Mu da iyayenmu suka zo garin nan da fatauci aka ba su masauki, ya kamata mu riƙe wannan: Kano ta san haɗarin saukar wannan baƙo, amma ba ta ba da shi ba. Allah ya jiƙan magabata, amin.