Adriano Olivetti: Attajirin Tafireta Da Ya Ƙi Korar Ma'aikata

 Yau za mu leƙa ƙasar Italiya ne, mu kawo muku tarihin wani attajiri da sunan gidansu ya shiga ofisoshin duniya a manne a goshin keken rubutu, wato tafireta, wadda a nan wajenmu wasu ke kira mashin. Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan kwamfuta a Birnin Ƙonni ko Malbaza ko Illela zai tuna da ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas a ofishin magajin gari da gidan shari'a da bakin gidan waya, inda ake buga wa mutane takardar cinikin fili da wasiƙar neman aiki. Olivetti na cikin sunayen da aka fi gani a jikin irin waɗannan na'urori, kuma mutumin da ya ɗaukaka sunan shi ne Adriano Olivetti. Mun zaɓo shi ne saboda yadda ya riƙi masu yi masa aiki, abin da ya shafi duk mai yaran shago, ko da yaro ɗaya ne mai ɗaukar masa kaya.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Adriano ranar 11 ga Afrilu, 1901, a Ivrea, wani ƙaramin gari a arewacin Italiya kusa da birnin Torino. Mahaifinsa, Camillo Olivetti, injiniya ne Bayahude, mahaifiyarsa kuwa, Luisa Revel, ɗiyar wani limamin Kirista ce. A 1908 Camillo ya buɗe masana'antar tafireta ta farko a Italiya, cikin wani ginin jan bulo, da ma'aikata 20 kacal. A 1911 ya fitar da samfurinsa na farko mai suna M1.

Adriano na da shekara 13 uban ya tura shi cikin masana'anta lokacin hutun makaranta, ya yi aiki tare da leburori. Yaron bai ji daɗin aikin ba ko kaɗan, don kuwa abu ɗaya ne mutum ke maimaitawa daga safe har yamma, hannu na aiki, hankali na can wani wuri. Wannan ƙunci da ya ɗanɗana bai bar zuciyarsa ba har ya rasu, kuma shi ne tushen yawancin abin da ya yi daga baya.

Ya gama karatun injiniya a Torino a 1924, ya shiga kamfanin a matsayin ƙaramin ma'aikaci. A 1925 ya tafi Amurka, ya zagaya masana'antu fiye da 100 yana duba yadda suke tsara aiki. Wuri ɗaya da ya fi ƙwallafa rai a kai shi ne kamfanin Underwood da ke garin Hartford, wanda a lokacin shi ne giwa a harkar tafireta, amma aka hana shi shiga. Ku riƙe wannan suna, za mu sake cin karo da shi a gaba.

Da ya dawo gida ya kawo wa mahaifinsa sabon tsari na hanzarta aiki. Tsohon ya amince, amma da sharaɗi ɗaya: ya canza duk abin da yake so, sai dai kada sabon tsarin ya zama sanadin korar ko mutum ɗaya, domin a ganinsa babu masifar da ta fi rashin aiki ga mai iyali. Adriano ya zama babban manajan kamfanin a 1932, shekarar da suka fitar da ƙaramar tafiretarsu ta farko da ake ɗauka a hannu, MP1, sannan ya zama shugaba a 1938.

Zamanin Mussolini

Rayuwarsa ta zo daidai da mulkin kama-karya na Mussolini. A Disambar 1926 yana cikin waɗanda suka taimaki tsohon ɗan adawa Filippo Turati ya tsere daga ƙasar, shi ne ma ya tuƙa motar. Duk da haka, a shekarun 1930 ya karɓi katin jam'iyyar gwamnati kamar yadda manyan masu masana'antu da dama suka yi. Da aka kafa dokokin tsangwamar Yahudawa a 1938, iyalin suka shiga tsaka mai wuya. A 1943 aka tsare shi a kurkukun Regina Coeli da ke Roma, a ƙarshen shekarar kuma mahaifinsa ya rasu. A farkon 1944 ya tsallaka zuwa Suwizaland, bai dawo ba sai 1945 da yaƙi ya ƙare.

Yadda ya riƙi ma'aikata

A nan ne tarihin nasa ya bambanta da na sauran attajirai. Gine-ginen masana'antar da ya yi a Ivrea bangonsu kusan duk gilashi ne, don ma'aikaci ya riƙa ganin rana da duwatsun garinsu yana aiki. Ya gina gidajen ma'aikata da wurin cin abinci da asibiti da ɗakin karatu. Tun wajen 1941 kamfanin yana da gidan renon yara, inda uwa za ta ajiye ɗanta ta shiga aiki. Matar da ta haihu ana ba ta hutun wata tara da albashi, wanda ya zarce abin da dokar ƙasar ta tanada nesa ba kusa ba. Iyayenmu mata da ke zama a rumfa da goyo a baya daga hantsi har la'asar sun fi kowa sanin darajar wannan.

Albashin Olivetti ya ɗara na sauran masana'antu irinsa. A 1956 ya rage awoyin aiki daga 48 zuwa 45 a mako ba tare da ya taɓa albashi ba, ba da jimawa ba kuma Asabar ta zama ranar hutu. A 1955 ya buɗe wata masana'anta a Pozzuoli, a kudancin Italiya inda talauci ya yi katutu, don a kai wa mutane aiki garinsu maimakon su yi ta kwararowa arewa ci-rani. Mutanen Malbaza, da suka san abin da masana'antar siminti take nufi ga gari, za su gane wannan lissafi, haka ma duk gidan da samarinsa ke tafiya ci-rani bayan girbi.

Shekarar da kasuwa ta tsaya

Wajen 1953 kasuwa ta yi sanyi, kaya suka yi kwantai a ɗakunan ajiya. Wasu manyan manajoji suka ba da shawarar a sallami ma'aikata kamar 500. Adriano ya ƙi. A ganinsa matsalar ba yawan masu ƙerawa ba ce, ƙarancin masu tallatawa ne. Sai ya sassauta farashi, ya buɗe sababbin rassa, ya ɗauki masu talla kamar 700 suka bazu gari-gari da tafireta a hannu. Kayan suka ƙare, ba a sallami ma'aikatan ba.

Wannan darasi ne da mai sayar da albasar Galmi ko mai shagon atamfa zai fahimta ba sai an yi masa dogon bayani ba. In ciniki ya ja baya, abu mafi sauƙi shi ne a sallami yaro. Amma yaron da ya san abokan ciniki, ya san mai biyan bashi da mai taurin bashi, shi ma jari ne, kuma ranar da kasuwa ta buɗe ba a samun irinsa a kan hanya.

Lettera 22

Kayan da ya fi fito da sunan kamfanin shi ne ƙaramar tafiretar nan Lettera 22, wadda ta fito a 1950. Marcello Nizzoli ne ya zana siffarta, injiniya Giuseppe Beccio ya tsara cikinta. Nauyinta bai wuce kilo 4 ba, tana da jakarta mai hannu, ɗan jarida ko ɗalibi zai ɗauke ta kamar ƙaramar akwati. An rage duk abin da za a iya ragewa, har ma a yawancinsu babu maɓallin lamba 1, sai a buga ƙaramin harafin l a madadinsa.

A 1954 ta ci lambar yabo ta Compasso d'Oro a Italiya, a 1959 kuma wata cibiyar fasaha ta jihar Illinois a Amurka ta sa ta a kan gaba cikin kayayyakin da aka fi ƙawata ƙirarsu a shekara 100. Wajen talla ma Adriano gwani ne. A shagon da suka buɗe a birnin New York a 1954, an kafa tafireta a bakin titi, kowa ya zo wucewa ya taɓa. Dabarar mai ƙosai ce da ke miƙa ɗanɗano.

Sai dai ba kowa ne ya yaba masa ba. Sauran masu masana'antu suna ganin yana ɓata musu ma'aikata, wasu ƙungiyoyin ƙwadago kuma suna cewa alherin nasa dabara ce ta ɗaure ma'aikaci. Ya shiga siyasa da ƙungiyarsa mai suna Comunità, ya zama magajin garin Ivrea a 1956, amma a zaɓen ƙasa na 1958 kujera ɗaya tak ƙungiyar ta samu a majalisa, bayan ya kashe dukiya mai yawa.

Cinikin Underwood da rasuwarsa

A 1959 kamfaninsa ya fitar da Elea 9003, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko na zamani a Turai. A watan Oktoba na shekarar kuma ya sayi kusan kashi ɗaya cikin uku na hannun jarin Underwood, kamfanin nan da ya hana shi shiga shekara 34 da suka wuce. Duniya ta yi mamaki, amma da aka shiga ciki sai aka tarar injinan sun tsufa, asara ta yi yawa. An yi sayen kifi a ruwa, kuma gyaran ya ci kuɗin Olivetti ƙwarai.

Adriano bai ga ƙarshen lamarin ba. Ranar 27 ga Fabrairu, 1960, yana cikin jirgin ƙasa daga Milan zuwa Lausanne, ciwo ya buge shi farat ɗaya kusa da garin Aigle a Suwizaland, ya rasu yana da shekara 58. Ya bar ma'aikata kimanin 36,000 a ciki da wajen Italiya. A 1961 injiniyan da ke jagorantar sashen kwamfuta, Mario Tchou, shi ma ya rasu a hatsarin mota. Bashi ya taru, kan magada ya rabu, a 1964 wasu bankuna da manyan kamfanoni irin su Fiat da Pirelli suka shigo ceto, aka sayar da sashen manyan kwamfutoci ga General Electric na Amurka. Kamfanin ya ci gaba da rayuwa shekaru da dama, amma tsarin Adriano ya yi ta zaizayewa, har aka haɗe shi da Telecom Italia a 2003. Wannan ma abin lura ne gare mu: dukiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ba a shirya magaji ba, ba a daidaita tsakanin ƴaƴa da ƴan'uwa ba, ranar da ya faɗi takan girgiza.

Abin da ya bari

A 2018 hukumar UNESCO ta sa garin Ivrea cikin wuraren tarihi na duniya saboda gine-ginen da ya bari. Ƙananan tafiretocin kuwa sun zama abin nema ga masu tara kayan da, waɗanda ke saye su gyara su ajiye, cikinsu har da ɗan wasan fim na Amurka Tom Hanks. A Disambar 2009 an yi gwanjon wata Lettera 32, ƙanwar Lettera 22 da ta fito a 1963, a kan dalar Amurka 254,500. Ta marubuci Cormac McCarthy ce, wanda ya saye ta kwance a kan dalar Amurka 50. Amma kada wannan ya ruɗi kowa, sunan mai ita aka saya, don irinta sak da aka samo masa madadi ba ta kai dalar Amurka 20 ba.

Duk da haka, wanda yake da tsohuwar tafireta a ɗaki ko a shago kada ya yi gaggawar miƙa wa masu sayen ƙarafa a kan kilo. Masu gyara sun ce yawanci ba lalacewa take yi ba, ƙura ce da busasshen mai ke riƙe sandunan haruffa. Sai a kakkaɓe ta da burushi, a goge gindin sandunan da ɗan fetur nesa da wuta, kuma kada a kuskura a zuba mata man gyaɗa ko baƙin mai, don da ƙurar hunturu ta sauka za su zama danƙo. Ƙyallen tawadar in ya bushe ana canza shi, amma a adana ƙananan faya-fayan da yake naɗe a kai. Robar da takarda ke naɗuwa a jikinta takan taurare da tsufa, saboda haka a riƙa sa takarda biyu lokacin bugawa. Kada a sake mata fenti, kada a yar da jakarta, don masu saye sun fi son ta yadda ta fito, kuma lambar da ke jikinta ita ke nuna shekarar ƙira. A duba jerin haruffan ma: wadda ta fara da AZERTY ta tsarin Faransanci ce irin ta ofisoshinmu, mai QWERTY kuwa ta tsarin Ingilishi ce irin wadda aka saba da ita a Nijeriya.

Na'urar da aka ƙera shekara 70 da suka wuce, ta sha ƙura, aka goge ta ta tashi ba wuta ba batir, shaida ce a kan hannun da ya ƙera ta da kuma maigidan da ya kyautata wa wannan hannu. A nan za mu dakata. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.