Nana Asma'u ɗiyar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo

Wanda ya taso daga Badagishiri ya bi hanyar Tsarnawa, ya ratsa Malbaza har Galmi, ya kusanci Maratta, ƙauyen da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Hodiyo a shekara ta 1754. Saboda haka labarin ɗiyarsa Nana Asma'u ba baƙon labari ba ne ga mutanen Ƙonni da Adar.

An haife ta a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekara ta 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. A cikin gida ta yi karatu, wurin mahaifinta da ƴan'uwanta da matan gidan, domin gidan Shehu gida ne da mata ke riƙe da allo da littafi. Ta hardace Alƙur'ani, ta ƙware da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma tana jin harshen Buzaye.

Ƙuruciyarta ba ta zo da kwanciyar hankali ba. Tana da shekara goma sha ɗaya, a watan Fabrairu na 1804, jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, aka yi na Tsuntsuwa inda malamai da mahardata da yawa suka halaka. Shekaru huɗu ana yawo da yunwa da ciwo, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Duk wannan yarinyar ta gani da idonta, kuma shi ne daga baya ta tsara a cikin Waƙar Gewaye.

A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama wazirinsa. Ke nan Asma'u ta zauna a tsakiyar mulki: ƙanwar sarki, matar waziri, daga baya kuma uwar waziri, da ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa. Mace mai wannan matsayi tana iya zama cikin ɗaki ta ci daula ba wanda zai tambaye ta. Ita ba ta yi haka ba.

Yaƙi ya tara mata bayi da kamammu a Sakkwato da Wurno da ƙauyukan da ke kewaye, yawancinsu Gobirawa, ba sa jin Fillanci balle Larabci, kuma sun saba da bori a ƙarƙashin Inna ta Gobir. Asma'u ta lura hani kawai ba zai raba su da abin da suka gada ba. Sai ta juya waƙoƙin wa'azi zuwa Hausa, har da wata ta mahaifinta wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, ta kuma zaɓi dattijai mata daga ƙauyuka ta naɗa su shugabanni. Kowace ana kiranta jaji, ana ɗora mata malfa da jan rawani. Masu bincike sun nuna cewa malfar nan alama ce ta Inna. Asma'u ta ɗauke ta ta ba malamai mata. A nan basirarta ta fi fitowa, don matan ƙauye sun ga alamar da suka sani, amma a kan wani aiki dabam.

Jaji kan jagoranci tsofaffi da ƴan mata waɗanda ba su yi aure ba, su yi tafiyar ƙasa zuwa gidanta, da tsarabar hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta raba wa mabukata. Su hardace waƙa, su koma su koyar da matan aure da ke cikin gidaje hukuncin tsarki da salla, da kula da marasa lafiya, da sasanta masu faɗa. Su ne ake kira ƴan taru. Yaƙi da jahilci ne na manya, tun ba a san lakkol a ƙasashen nan ba.

Ba a ɓoye cewa ita ƴar ɓangare ɗaya ce. Waƙarta a kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi, waƙar murnar nasarar Bello ce. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi suna da tasu ruwaya game da wannan rana. Amma a cikin marsiyoyinta akwai taushin zuciya. Ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta, ta yi wa aminiyarta A'isha, ta kuma yi wa matan da ba su da wata sarauta, tana yabon haƙurinsu da kyautata maƙwabtaka.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu cikin Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon ƴan taru. Rubuce-rubucenta wajen sittin sun tsira a gidan wazirai, kuma a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tara su aka buga a littafi guda.