Jul Rime, Uban Kofin Tamaula na Duniya

Duk bayan shekara huɗu, in lokacin gasar Kofin Duniya ya zo, sai a ga jama'a birni da ƙauye sun kasa kunne. Amma kaɗan ne suka san tarihin mutumin da ya assasa wannan gasa, wato Jul Rime, wanda bai taɓa yin suna wajen buga tamaula da ƙafarsa ba.

An haifi Jul Rime ranar 14 ga watan Oktoba na shekara ta 1873, a wani ƙaramin ƙauye mai suna Tole, gabashin ƙasar Faransa. Iyayensa talakawa ne. Yana da shekara 11 ya koma birnin Pari, inda mahaifinsa yake riƙe da ɗan kantin kayan masarufi. Ya tashi cikin unguwar ƴan ƙwadago, ya ga wahalarsu da idonsa. Ya yi ƙwazo a lakwal har ya ƙware ga ilmin shari'a.

A wancan zamani wasannin motsa jiki abin ƴaƴan masu hali ne. Ra'ayin manya shi ne wasa ba sana'a ba ne, saboda haka bai kamata a biya ɗan wasa ko sisi ba. To, mai dukiya yana iya yin wasa kyauta, amma leburan da ya bar aikinsa yini guda ya rasa abincin iyalinsa na wannan yini. Rime ya gane cewa wannan doka ita ce take rufe wa talaka ƙofa. A shekara ta 1897 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar wasanni mai suna Red Star, wadda ba ta tambayar asalin mutum ko abin hannunsa kafin ta karɓe shi. Har yanzu ƙungiyar tana nan.

A shekara ta 1904 aka kafa hukumar tamaula ta duniya, wato FIFA, a Pari. Bayan shekara goma Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Rime ya shiga soja, ya yi yaƙi, aka ba shi lambar jaruntaka. Da aka ajiye makamai, sai aka zaɓe shi shugaban hukumar tamaula ta Faransa a 1919, sa'an nan shugaban FIFA a 1921. Ya tarad da hukumar a raunane, ƙasashen da suka gwabza yaƙi ba su son haɗuwa a fili ɗaya.

A lokacin babbar gasar tamaula ita ce ta wasannin Olimpik, wadda ƙasar Urugwai ta ci a 1924 da 1928. Amma Olimpik ba ta karɓar ƴan wasan da ake biya. Don haka Rime da abokin aikinsa Hanri Delone suka nemi FIFA ta shirya tata gasa, wadda kowace ƙasa za ta kawo gwanayenta, masu albashi da marasa albashi. Taron Amstadam na 1928 ya amince. A wannan shekara ce Ingila da sauran hukumomin Birtaniya suka fice daga FIFA, kan gardamar biyan ƴan wasa diyyar ranakun aikin da suka rasa.

Aka ba Urugwai karɓar baƙuncin gasar farko a 1930, shekarar da take bikin cika shekara 100 da tsarin mulkinta, ta kuma yi alkawarin biyan kuɗin tafiya da na masauki. Duk da haka ƙasashen Turai suka noƙe, domin tafiyar ta jirgin ruwa ce, wajen mako biyu zuwa, mako biyu dawowa. Sai da Rime ya yi ta lallashi kafin huɗu suka yarda: Faransa, Beljika, Rumaniya da Yugosilabiya. Shi kansa ya hau jirgin ruwa mai suna Konte Berde tare da kofin cikin kayansa. Kofin na azurfa ne da aka shafe da zinariya, tsawonsa santimita 35, nauyinsa kilo 3 da giram 800.

Ƙasa 13 suka yi takara. Ranar 30 ga watan Yuli aka yi wasan ƙarshe a birnin Montebideyo tsakanin Urugwai da Ajantina. Kowane ɓangare ya ce da tasa ƙwallo za a buga, sai aka raba gardama: kashin farko da ta Ajantina, na biyu da ta Urugwai. Ajantina ta je hutu da ci 2 da 1, amma Urugwai ta gama da 4 da 2, Rime ya miƙa mata kofi.

Abin bai tafi ba tare da tabo ba. Gasar 1934 a Italiya aka yi ta, Musolini kuwa ya mai da ita dandalin tallar mulkinsa na danniya, abin da ya jawo wa Rime zargi. Urugwai ta ƙi zuwa domin ramuwar abin da Turai ta yi mata. A wannan gasa ce Masar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta buga. Italiya ta ci, ta sake ci a Faransa a 1938. Daga nan Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da gasar shekara 12. Wani jami'in tamaula na Italiya, Otorino Barasi, ya ɓoye kofin cikin kwalin takalmi ƙarƙashin gadonsa har ƙura ta lafa.

A 1946 Rime ya dawo da hukumomin Birtaniya cikin FIFA, aka kuma raɗa wa kofin sunansa. A 1950 aka sake gasar a Barazil. Kunnen doki kawai Barazil take bukata a wasan ƙarshe, gaban ƴan kallo wajen 200.000 a filin Marakana, amma Urugwai ta doke ta 2 da 1. Fili ya yi tsit, shirin biki ya watse, tsohon ya nemo kyaftin ɗin Urugwai cikin cunkoso ya ba shi kofi ba tare da jawabi ba.

Rime ya sauka a 1954 bayan shekara 33 bisa kujera, babu shugaban FIFA da ya kai shi daɗewa. Ya bar hukumar da mambobi 85. Ya rasu cikin watan Oktoba na 1956 kusa da Pari, yana da shekara 83. Bai ga kafuwar hukumar tamaula ta Afirka a Hartum a 1957 ba, balle gasar da aka yi a Afirka ta Kudu a 2010.

Kofin nasa kuwa, Barazil ta mallake shi a 1970 da ta ci karo na uku, kamar yadda doka ta tanada. A 1983 ɓarayi suka sace shi a birnin Riyo, ba a sake ganinsa ba. Amma ƙofar da ɗan mai kanti ya buɗe ba ta rufu ba. Pele, wanda yake cikin ƴan wasan da suka ci kofin a 1970, yaro ne da ya fara da goge takalma a titi.