Silvio Piola, sarkin raga da bai taɓa ɗaga kofin Serie A ba

In ana musun masu cin ƙwallo a Italiya, samarinmu Totti suka sani. To ai Totti, duk daɗewarsa a Roma, a ƙwallo 250 ya tsaya a Serie A. Wanda ke gabansa har yau shi ne Silvio Piola, mai 274.

An haife shi a 1913 a garin Robbio, arewacin Italiya. Yana ɗan shekara 16 ya fara buga wa Pro Vercelli, a 1933 kuma shi kaɗai ya zura wa Fiorentina shida a wasa ɗaya. Shekara tara ya yi a Lazio. A gasar Kofin Duniya ta 1938 a Faransa ya ci biyar, biyu daga ciki a wasan ƙarshe da Italiya ta doke Hungary 4-2.

Sai yaƙi. A 1943 shi ne ya fi kowa cin ƙwallo, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da gasar shekara biyu cur. Ka ƙiyasta fa yawan da zai ƙara!

Sau uku ƙungiyarsa tana zuwa ta biyu, ɗaya da Lazio, biyu da Juventus, kofin dai bai zo hannu ba. Daga nan ya koma Novara da ke rukuni na biyu, ya taimaka suka hau, ya ci gaba da ɗaga raga har yana da shekara 40.

Ya mutu a 1996. Filayen wasan Vercelli da Novara duk sunansa suke ɗauke da shi.